Gaisuwar Gwaggo

A rumfar jiragen nan akwai wani tsohon jirgi mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, wanda kowa ke kira Gwaggo. Ba a tashi da Gwaggo sai an gaishe ta, gaisuwar kuwa ba ta baki ba ce. Matuƙi zai zauna, ya ɗaura bel, ya kunna wuta, sai allurar ma'aunin mai ta kwanta a ƙasa kamar babu ko ɗigo a tanki. Daga nan sai ya buɗe tafin hannunsa ya zabga wa allon ma'aunan da ke gabansa mari, can gefen dama, ƙasa da rediyo. Allura ta yi firgigit ta miƙe. A yi dariya, a ce Gwaggo ta amsa, a ja jirgi zuwa titi.

Wurin marin har fenti ya goge, ƙarfe ya fito yana sheƙi da siffar hannu. Duk sabon matuƙin da aka ɗauka, kafin a nuna masa inda abin kashe gobara yake, sai an nuna masa inda ake gaida Gwaggo. Manyan mutane ne fa, masu furfura a gemu da takardun shaida a bangon ofis, amma a cikinsu babu wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa mari ke tada allura. Sun gaji abin, ya ba su dariya, sun mai da shi al'ada.

Auta ce mai aikin wayoyin wuta a rumfar, ba ta kuma daɗe da zuwa ba. Ta yi karatun wutar jirgi, ta fito da sakamakon da mahaifiyarta ta sa a gilashi ta rataye sama da talabijin. Kawunta, ƙanin mahaifiyar, shi ne babban makaniki, shi ya yi mata hanya, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Yayanta kuwa matuƙi ne a nan, Kyaftin ake ce masa, kuma duk cikin masu gaida Gwaggo babu mai ƙarfin hannunsa. Ita kuma suka laƙaba mata Injiniya, da irin jan muryar nan da ke mai da suna zagi.

Ran da abin ya faru, da safe Kawu ya aike ta ta canza ƙwan fitilar allon Gwaggo, don da rana Yaya zai tashi da ita ya kai wani likita can wani gari da hanyar motarsa ta lalace. Aikin ƙwan fitila ba ya cin lokaci. Amma sai an kwanta rigingine a ƙasan kujera, kai a ƙarƙashin allo, ƙafafu a waje, kuma da Auta ta samu kanta a wurin sai ta ga babu wanda zai hana ta leƙawa. Ta ciza ƙaramar tocila a baki, ta zura madubinta mai dogon hannu ta bayan wurin marin.

Ga shi nan. Wayar da ke kai wuta ga ma'aunin mai an taɓa yanke ta, aka murɗe bakin biyu da hannu, aka naɗe da baƙin salatif, kamar wayar fankar shago. A jirgin sama, inda ake matse kowane haɗi da ƙarfensa a ɗaure shi don kada ya motsa! Salatif ya bushe, murɗin ya yi sako-sako, shi ya sa allura ke kwanciya, shi ya sa mari ke tada ta. Da iyakar abin ke nan, da haushi kawai zai ba ta. Amma wayar ba a ɗaure take ba. Ta sauko ta kwanta a kan siririn bututun ƙarfen da ke kawo fetur zuwa famfon da matuƙi ke dannawa kafin ya tada inji. Girgizar jirgi na goga ta, kowane mari na ƙara goga ta. Robar jikin wayar ta cinye har zaren ƙarfen ciki yana leƙe, bututun kuma ya yi tsagi. Ta kai yatsa ta shafa, ta janye ta sansana. Fetur.

Ta daɗe a kwance tana kallon salatif ɗin, don ta san naɗin. An ninke ƙarshensa an bar ɗan kunne, wai don a samu wurin kamawa ranar da za a kwance. Haka yake a wayar dutsen gugar Inna mahaifiyarta, haka a firjin gidansu, haka a soket ɗin ɗakinta. Hannun Kawu ne.

Ta same shi a bencin shayi a bakin rumfa, ya kwance maɓallin rigar aiki, yana ba yaran rumfa labarin wani injin da ya taɓa tayarwa da kunne kawai. Ta tsaya har ya kai aya, ta rusuna.

“Kawu, ina son ka zo ka ga wani abu a bayan allon Gwaggo.”

“Kin sa ƙwan?”

“Na sa.”

“Ya kama?”

“Ya kama. Amma Kawu, wayar ma'aunin mai na goga bututun fetur. Ta cinye, bututun na tsatsa.”

Kawu ya kurɓi shayi. Ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, yana ba su lokaci su shirya dariya.

“Kun ji Injiniya. An aike ta ƙwan fitila, ta dawo da gobara.”

“Ba wasa nake ba, Kawu. Sansana yatsana.”

“Ke, sauke hannunki. Wace ƙusa ce a rumfar nan ba ta warin fetur? Ni kaina in kika sansana ni fetur za ki ji. Jirgin nan tun kina goye yake tashi yana sauka. Ya taɓa faɗuwa?”

“Bai taɓa ba.”

“To.”

Da “to” ɗin nan ake rufe kowace magana a rumfar. Abin da bai kashe kowa jiya ba, lafiyarsa ƙalau yau. Da wannan hujja ake gyaran jirgin sama.

Ta sassauta murya, don kada a ce ta tona shi a gaban yara. “Kawu, haɗin salatif ne. Mai ɗan kunne.”

Kofin ya tsaya a hanya. Ta ga abin ya shige shi, ta ga ya tuna rana da wurin, wataƙila har da gaggawar da ta sa ya ce bari a naɗe yanzu, gobe a gyara. Na ɗan lokaci ta yi zaton zai miƙe. Sai ya ajiye kofin a hankali, ya gyara zama.

“Allon nan ba a buɗe shi sai lokacin babban duba. Babban duba bai zo ba. Je ki share kayan aikinki.”

Yaya ta tarar a ƙarƙashin fiffike, da tabarau a goshi, yana duba tayoyi da ƙafa.

“Yaya, kada ka tashi da jirgin nan yau.”

“Auta manya. Mafarki kika yi?”

“Zo ka kwanta ka gani.”

“In kwanta a ƙasa da farar riga? Ke dai ba ki son ganina fes.”

“Marin da kake yi mata, ka san abin da yake taɓawa?”

“Zuciyarta,” in ji Yaya, ya dafa ƙirji. “Tsohuwa ce, tana son a kula ta.”

Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun rigarsa ta ja, irin jan da take yi masa tun suna yara in ya ɓoye mata abu, har ya biyo ta yana ƙunƙuni. Ya durƙusa a bakin ƙofar jirgi, ta riƙe wuyan hannunsa ta tura ƙarƙashin allo, ta ɗora yatsansa a kan tsagin. Ya janye. Yatsan na sheƙi. Ya sansana, ya sake sansanawa, sai ya tura kansa da kansa, farar rigar da komai, ya karɓi tocilar daga hannunta.

Da ya fito fuskarsa ta sauya. Shi matuƙi ne, ya san bambancin gobara a ƙasa da gobara a tsakanin gwiwoyinka kana sama da gajimare.

“Wa ya yi wannan haukan?”

“Dubi kunnen salatif ɗin.”

Ya sake leƙawa. Shi ma a gidan ya tashi, shi ma dutsen gugar ya taɓa jan sa.

“Je ka gaya wa Manaja,” in ji ta. “Kai za a saurara. Kai ne Kyaftin.”

“In ce masa me? In ce Kawu ya kusa ƙona ni?”

“Ka ce jirgi ba shi da lafiya.”

“Sai ya ce wa ya duba shi. Sai a kira Kawu. A gaban kowa. Auta, mutumin nan shi ya riƙe mu da Baba ya rasu. Shi ya kai ni makarantar tuƙi da hannunsa. Da wane ido zan kalli Inna?”

“Da idon da bai ƙone ba.”

“Ke bakinki ba shi da birki. Bari, na san abin da zan yi.”

Abin da ya sani kuwa shi ne ya dafe ciki. Auta na tsaye tana kallo, Kyaftin guda, mai ratsin zinare a kafaɗa, ya ranƙwafa ya nufi ofis yana ɗingishi kamar mai naƙuda. Ta tagar gilashi ta ga yana nuna cikinsa, yana nuna banɗaki, yana girgiza kai. Ya gwammace duk rumfa ta san yana gudawa da a ce Kawu ya yi kuskure. Ya fito ya wuce ta, ya ƙyafta mata ido, wai shi mai dabara.

“Shi ke nan, an fasa,” ya raɗa mata. “Da yamma in an watse sai mu lallaɓa Kawu. Kin ga ba a ɓata da kowa ba.”

Bai kai ƙofar rumfa ba Manaja ya leƙo da waya a kunne.

“Ina Ango? A kira mini Ango! Kyaftin ciki ya murɗe, likita kuma yana hanya. Ango ya ɗauki Gwaggo.”

Ango shi ne ƙaramin matuƙinsu. Bai daɗe da aure ba, shi ya sa sunan ya bi shi, kuma har yanzu da kwanon abinci mai naɗin tawul yake zuwa aiki, yana ɓoye shi a bayan kabad don kada a yi masa tsiya. Ya fito da gudu yana goge baki, murna fal fuskarsa, don ba kasafai ake ba shi doguwar tafiya ba.

Auta ta dubi Yaya. Yaya ya dubi takalminsa.

“Yaya.”

“Bari in yi tunani.”

“Ga shi can yana ɗaukar jakarsa.”

“Na riga na ce ciki ne. In na koma yanzu na zama maƙaryaci.”

“Ai ka riga ka zama.”

Ya kau da kai. Hannunsa na dafe da cikin har yanzu, ya manta bai sauke ba. Ta juya wajen benci. Kawu ya ji kiran da Manaja ya yi, kowa ya ji. Yana zaune yana juya cokali a kofin da babu komai a ciki, idonsa a kan titin jirgi. Ya san abin da ke bayan allon, ya san wa zai zauna a gabansa, kuma yana jira abin ya wuce lafiya kamar yadda ya saba wucewa. Mutum biyu ke nan suka san gaskiya, duka jininta, kowanne na gadin fuskar ɗan'uwansa, an bar yaron mutane ya je ya ɗaura bel.

Ta je wurin Manaja da kanta. Yana tsaye a ƙofar ofis yana duba agogo.

“Ranka ya daɗe, Gwaggo ba za ta iya tashi ba. Waya na goga bututun fetur a bayan allo.”

Manaja bai san waya ba, bai san bututu ba, abin da ya sani shi ne likita na hanya. Ya ɗaga murya ta saman kanta. “Babban makaniki! Me 'yarka ke faɗa?”

“Yarinta ce, ranka ya daɗe,” in ji Kawu daga benci. “Sabon karatu ne ke yi mata ƙaiƙayi.”

“Kin ji. Allah ya yi miki albarka, matsa mini hanya.”

An riga an turo Gwaggo bakin rumfa, an cire katakon tayoyi. Ango na zagaya ta yana shafa fiffike, yana leƙa tanki, yana yin duk abin da littafi ya ce, tsaf, kamar ɗalibin kirki. Littafi bai ce a kwanta a leƙa aikin Kawu ba.

Auta ta buɗe akwatin kayan aikinta ta ɗauki filayar yanka. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ɓoye ta ba.

“Ango, ɗan ba ni wuri.”

“Injiniya, ko ke ma za ki gaishe ta ne?”

“Eh. Gaisuwar ban kwana.”

Ta tabbatar wuta a kashe take, ta kwanta rigingine, ta lalubo wayar. Ta datse ta sama da salatif, ta datse ta ƙasa da inda ta cinye. Sannan ta sa bakin filayar a tsagin bututun ta matse shi har ya lanƙwashe, don ta san mutanenta: in waya kaɗai ta yanke, kafin likita ya iso wani zai murɗe ta ya naɗe da sabon salatif. Bututu kuwa sai an kawo wani.

Ta fito da guntun wayar a hannu, ta taka har benci, ta ajiye shi a kan farantin shayi, kusa da gwangwanin sukari. Baƙin salatif da ɗan kunnensa, da zaren ƙarfe tsirara yana ƙyalli a rana.

Kowa ya zuba wa guntun ido. Ango ne ya fara matsowa. Ya ɗauki guntun, ya juya shi, ya kai hanci. Ya dubi jirgin, ya dubi kujerar da zai zauna, sai ya nemi bakin benci ya zauna a hankali, ya rungume jakarsa.

Kawu ya miƙe, ya sa hannu ya karɓe guntun daga hannun Ango, ya jefa a aljihu.

“Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Ta lalata jirgin kamfani da gangan.”

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Babu wanda ya tambayi me ya cinye wayar. An tambayi wa ya ba ta izini. An tambayi ko haka aka koya mata a makarantar, ta yi wa na gaba da ita tsaye a ka. Manaja ya yi ta faɗa a kan likitan da sai an nemo masa mota, ya ce ta ajiye katin shiga ta tafi gida har sai an neme ta, da muryar da ke nuna ba za a neme ta ba. Yaya yana can jingine da ƙofa. Da ta zo wucewa da akwatinta ya matsa mata hanya, bai ɗago ba.

Kawu da kansa ya gyara Gwaggo. Ya hana kowa kusantar ta, ya kwanta a ƙasan allon da tsufansa, ya sa sabon bututu, ya ja sabuwar waya tun daga tushe, ya matse kowane haɗi da ƙarfensa, ya ɗaure ta nesa da fetur. Aiki mai kyau, in ji waɗanda suka leƙa daga baya. Ashe ya iya. Tun can ma ya iya. A rumfa kuwa labarin da ya zauna shi ne yarinya ta yi ɓarna, dattijo ya rufa mata asiri.

Auta na gida. Wata rana da hantsi tana zaune a falo, Inna na ninke wanki, Yaya ya shigo da kayan aiki a jiki ya zube a kujera.

“Kin san wani abu? Gwaggo ta yi laushi. Yanzu kana kunna wuta allura ke miƙewa.”

“Ikon Allah,” in ji Auta. “Kun daina marin ke nan.”

Ya sosa ƙeya. “To, hannu ya saba. Kuma Kawu ya ce kada a bari, ba a san abin da ke riƙe da ita ba. Jiya ma an nuna wa sabon yaron da aka ɗauka.”

“Ango fa?”

“Shi ba ya yi. Ana ta yi masa tsiya, wai amarya ta hana shi dukan tsofaffi.”

Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. “Ni dai abin da nake so, ki shirya ki je ki ba kawunki haƙuri. Ya ce in kin durƙusa a gaban mutanen da kika kunyata shi, zai yi wa Manaja magana a mai da ke. Mutumin kirki ne, bai riƙe ki a zuci ba.”

“In ce masa na tuba da me, Inna?”

“Ke kika sani. Haƙuri ai ba sai da dalili ba.”

“Yaya, kai ka gaya mata. Da me zan tuba?”

Yaya ya ciro wayarsa ya shiga latsawa.

Inna ta yi tsaki, ta jawo teburin guga, ta miƙa hannu za ta jona dutsen a bango. Auta ta riga ta. Ta ɗauke dutsen gugar ta ɗora a cinya, ta bi wayar dutsen da yatsa har ta iso wurin baƙin naɗin, ta kama ɗan kunnen ta fara warwarewa. Salatif ɗin na ɓarewa yana zuba kamar busasshen ganye.

“Ke, me kike yi haka? Kawunki ne ya gyara shi!”

“Na sani, Inna,” in ji ta. “Yaya, miƙo mini akwatin kayan aikina.”